Duniyoyin da ba wanda ya gani: wa ya kawo hujja, wa ya kawo zato?

"Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise a nan Tawa. A fadarmu wani aboki ya nuna mana bidiyo a waya, wani Ba'amurke yana cewa masana sararin samaniya sun gano an saita duniya daidai yadda rai zai yiwu, amma don gudun yarda da Mai tsarawa sai suka ƙago cewa akwai duniyoyi barkatai da ba wanda ya taɓa gani. Ya ce wannan imani ne aka sa wa rigar kimiyya, kuma ra'ayin da shi da mutanensa suke riƙe da shi, na tsarin mai hikima, ya fi shi hujja. Mun yi ta gardama har shayi na uku ya huce. Gaskiya ya faɗa? In haka ne, me ya sa malamanmu ke maganar Big Bang kamar abin da aka tabbatar?"

Ɗana, madalla da tambaya. Abu uku ka ɗaure da igiya ɗaya, sai na kwance su kafin mu yi nisa. Akwai Big Bang, wato ra'ayin cewa duniya ta fara a matse da zafi sannan ta yi ta buɗewa, akwai batun duniyoyi barkatai, akwai kuma tsarin mai hikima, wato ra'ayin waɗanda ke cewa kimiyya da kanta za ta iya nuna hannun mai tsarawa. Mai bidiyon ya yi gaskiya a kan na biyu fiye da yadda wasu abokan aikina za su so su amsa. A kan na uku kuwa ya auna wa mutane da mudun da bai yarda a auna masa da shi ba. Idan na ce "duniya" a nan, dukkan sarari nake nufi da taurarinsa da abin da ke tsakaninsu, wannan ƙasar da muke takawa ɗigo ce kawai a ciki.

Abin da aka auna

Na fara da Big Bang don shi ne mai sauƙi. A 1927 Georges Lemaître, limamin cocin Katolika ɗan Beljiyam kuma masanin lissafi, ya fitar daga ƙa'idar Einstein cewa sarari yana buɗewa. A 1929 Edwin Hubble ya nuna da awo cewa gungun taurari suna nesanta da mu, wanda ya fi nisa ya fi gudu. Har nan ana iya musu, kuma an yi. Fred Hoyle na Ingila ya tsaya kai da fata cewa duniya ba ta da farko, shi ne ma ya laƙaba wa ra'ayin abokan gardamarsa sunan Big Bang a rediyon BBC a 1949.

Abin da ya raba gardamar shi ne wannan. Idan duniya ta taɓa zama a matse da zafi, dole sauran ɗumin ya rage ko'ina, kamar yadda kake sa hannu cikin tokar murhu da asuba ka san an hura wuta jiya. A 1948 Alpher da Herman suka lissafa cewa ɗumin zai kai wajen digiri 5 sama da ƙarshen sanyi, wato matakin da babu sauran ɗumi sam. A 1965 Penzias da Wilson, masana taurari masu aiki da eriyar rediyo a Amurka waɗanda ba abin da suke nema ke nan ba, suka ba da labarin wata ƙara da ta ƙi barin eriyarsu. Har kashin tattabaru suka share daga cikinta, ƙarar tana nan, daga kowace kusurwa ta sama. Yau an auna ɗumin nan, digiri 2.7 ne. Tauraron ɗan'adam na Planck da Turai ta harba a 2009 ya zana taswirarsa dalla-dalla, daga nan aka samu shekarun duniya, wajen biliyan 13.8.

Ka lura da jerin: an faɗi abin da za a gani tun ba a gan shi ba, an je an duba, da ba a same shi ba da ra'ayin ya mutu. Na Hoyle ne ya mutu. Shi ya sa malamanku ke magana da ƙarfin gwiwa. Kuma masu tsarin mai hikima ba sa faɗa da Big Bang, suna ma kafa hujja da shi, tunda yana nuna duniya tana da mafari.

Saitin nan gaskiya ne

Cikin ƙa'idojin fizik akwai lambobi da ba lissafi ne ya ba mu su ba, aunawa muka yi muka tarar da su haka. Idan ka ɗan taɓa wasunsu a kan takarda, duniyar da za ta fito ba ta da taurari, ko ba ta da sinadarai. Cikin ƴan ƙwayoyin da ke tsakiyar atam, nutron ya fi proton nauyi da abin da bai kai kashi 0.2 cikin 100 ba. Da proton ne ya fi nauyi, da haidrojin bai zauna ba, babu ruwa ke nan. Carbon da aka gina jikinka da shi ana dafa shi ne a cikin taurari, kuma dahuwar ta dogara ga wani matakin makamashi a ƙwayar carbon wanda Hoyle ɗin nan ya ce lalle yana nan a 1953, aka duba a Kaliforniya aka same shi. Abin ya girgiza shi, shi da bai yarda da addini ba, har daga baya ya rubuta cewa kamar wani babban hankali ya sa hannu a fizik.

Mafi ban mamaki shi ne ƙarfin da ke cikin sarari fanko, wanda aka gano a 1998 yana ƙara wa buɗewar duniya sauri. Lissafin farko na ƙa'idar kwantum, mai bayanin halayen ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi, ya ba da adadin da ya ninka wanda aka auna da 1 mai sifili wajen 120 a bayansa. Da ya kai ko kusa da haka, da sarari ya tarwatse tun tauraro ɗaya bai haɗu ba. Babu masanin kirki da ke musun cewa akwai abin tambaya a nan.

Inda sukar ta samu wuri

Daga ina duniyoyi barkatai suka fito? A nan mai bidiyon ya ɗan karkata tarihi. Wajen 1980 Alan Guth ya kawo ra'ayin kumburin farko, cewa a wani ɗan ƙiftawa bayan mafari sarari ya kumbura ninki ba ninki. Matsalolin lissafi yake son warwarewa, misali me ya sa ɗumin nan yake daidai a gabas da yamma alhali sassan ba su taɓa haɗuwa ba. Daga baya Vilenkin da Linde suka ga cewa a yawancin sigogin ra'ayin, kumburin ba ya tsayawa ko'ina lokaci guda, sai ya yi ta haifar da duniyoyi kamar kumfar sabulu. Sai ƙa'idar tsirkiya, mai cewa asalin komai wasu ƴan zare ne masu kaɗawa, ta zo da nata: tana iya ba da nau'in ƙa'idojin fizik da yawansu ya kai 1 mai sifili 500. Aka aurar da biyun. Kowace kumfa da nata lambobin, mu kuma muna cikin wadda ta dace da rai don a wata ba za mu kasance ba balle mu yi tambaya. Lissafi ne ya haifi ra'ayin. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai masanan da suka rungume shi da murna saboda ya ɗauke musu tambayar da ba sa so, kuma wasunsu sun faɗa da bakinsu.

Ga yadda nake bayyana wa ɗalibaina ƙarfin hujjar da rauninta. Ka hau mota daga Tawa ka nufi Abalak da Cintabaraden. Duk inda ka ga gari ko zango, akwai rijiya ko tafki. Baƙo zai iya cewa: abin mamaki, an kai ruwa daidai inda mutane suke. Kai ka san ba haka aka yi ba, mutane ne suka zauna inda ruwa yake. Bayanin ya gamsar ne saboda dalili ɗaya: mun ga dajin da babu ruwa, mun ratsa shi, mun san yawansa. Irin wannan bayani ya taɓa cin nasara a ilimin taurari. Kepler a 1596 ya sha wahala yana neman dalilin lissafi da ya sa duniyoyin da ke kewaya rana (a nan ƙasarmu da ƴan'uwanta nake nufi) shida ne, kowace a nisanta. Ashe ba shida ba ne ma. Daga 1995 zuwa yau an gano fiye da 5,000 suna kewaya wasu taurari, wasu a wuta wasu a ƙanƙara. Nisan ƙasarmu da rana ya zama labarin gari da rijiya.

To, masu duniyoyi barkatai suna ba mu labarin rijiya, amma ba wanda ya ga dajin. Kuma bisa lissafinsu, haske daga waɗancan kumfa ba zai taɓa iso mu ba. Ga wata matsalar: idan komai yana faruwa a wani wuri sau ba adadi, yaya za ka ce wannan ya fi wancan yiwuwa? Har yau ba a daidaita kan hanyar ƙirgawa ba.

Abin da mai bidiyon bai gaya muku ba shi ne ƴan gida ne suka fi kowa zafin wannan suka. A Disamba 2014 George Ellis da Joe Silk, manyan masana sararin samaniya, suka rubuta a mujallar Nature cewa duk ra'ayin da ba za a iya gwada shi ba kada a kira shi kimiyya don kawai lissafinsa yana da kyau. A 2017 Paul Steinhardt, wanda da hannunsa aka gina ra'ayin kumburin farko, shi da abokan aiki biyu suka rubuta cewa ra'ayin ya zama mai iya dacewa da kowane sakamako. Masana 33, har da Hawking da Guth, suka sa hannu a martani. Su ma suna da abin faɗa: kumburin ya yi hasashen cewa sarari shimfiɗaɗɗe ne, kuma wata lamba ta yanayin ɗumin farko za ta yi kusa da 1 amma ta ɗan gaza, Planck ya auna 0.965. A ganina kumburin farko zato ne mai ƙafafu. Duniyoyi barkatai zato ne da aka ɗora a kan zato. Duk wanda ya sayar maka da shi a matsayin abin da aka gano, ya cuce ka, ko da farfesa ne a talabijin.

Rashin gani da ido ba shi ne laifin ba

A nan nake son ku yi hattara a fada, don mai bidiyon ya sa ku ɗauka cewa abin da ba a gani ba ba kimiyya ba ne. A 1846 Le Verrier na Faransa ya ga Uranus, ɗaya daga cikin masu kewaya rana, tana kauce wa hanyar da lissafi ya shata mata. Ya ce akwai wata duniya da ba a gani ba tana janta, ya aika wa masu madubin hange a Berlin wasiƙa ya ce su duba wuri kaza. A daren da wasiƙar ta isa suka ga Neptune. Shi dai wannan mutumin, a 1859, ya ga Mercury ma tana kaucewa, ya sake cewa akwai wata ɓoyayyiya kusa da rana, har suna aka raɗa mata, Vulcan. Aka yi shekaru ana nema, babu. Sai 1915 Einstein ya nuna ƙa'idar Newton ce ke da gyara. Mutum ɗaya, dabara ɗaya, sau ɗaya ya dace sau ɗaya ya faɗi, kuma duka biyun kimiyya ne, don kowane karo ya faɗi inda za a duba.

Mun san wannan a gida. Wanda ya ce ya ga jinjirin wata, ana tambayarsa: a ina ka tsaya, ƙarfe nawa, ina ƙahonninsa suka fuskanta, wa ke tare da kai? Mutumin kirki ne, ba a ce ya yi ƙarya ba, amma hazo yana yaudarar ido. Hakan ta faru da masana a Maris 2014. Wata tawaga mai na'urar BICEP2 a ƙarshen kudancin duniya ta shelanta ta ga tambarin kumburin farko a cikin ɗumin nan. Aka yi ta murna, ana ta maganar kyautar Nobel. Kafin shekara ta zagayo, da aka haɗa awonsu da na Planck, sai ga shi ƙurar da ke cikin gungun taurarinmu ce suka gani. Suka janye. Masu suka sukan kawo wannan a matsayin abin kunya. Ni kuwa shi ne abin da ke sa in amince da sana'ar.

Na fi shekara ashirin ina koyar da fizik, kuma kowace shekara sai na sa ɗalibai su auna ƙarfin jan ƙasa da zare da ɗan dutse da agogon waya. Wata shekara wasu yara huɗu suka kawo mini 9.81 cif, lambar da ke cikin littafi. Na ce su maimaita a gabana. Zaren yana lilo, fanka tana kaɗa shi, mai riƙe da waya yana dannawa a makare. Suka samu 9.5, suka sake suka samu 10.1. Ɗayansu ya sunkuyar da kai ya ce sun san amsar da ake so, sai suka gyara lokacin ya dace da ita. Na ba 9.5 maki, na hana 9.81. Wanda ya riga ya san inda yake so ya sauka, kowace hanya za ta kai shi can, kuma wannan cuta ba ta tambayar ko kai mai addini ne ko marar addini.

Mudu ɗaya ga kowa

Yanzu mu juyo kan masu tsarin mai hikima. Cibiyarsu mafi suna ita ce Discovery Institute a Seattle ta Amurka, fitattunsu Michael Behe da William Dembski da Stephen Meyer. Da'awarsu ta wuce cewa akwai Mahalicci, wanda ni da kai ba mu da shakka a kai. Cewa suke yi ana iya gano tsarawa da kayan aikin kimiyya, kamar yadda mai binciken kayan tarihi ke bambanta dutsen da aka sassaƙa da wanda iska ta ci.

Misalin yana da daɗin ji. Raƙuman dawan da aka zana a kan dutse a Dabous, arewa da Agadas, babbar ta fi mita 5, ba wanda zai ce iska ce ta yi su. Amma me ya sa muka sani? Mun san raƙumin dawa, mun san ɗan'adam da hannunsa da abin da yake sassaƙa da shi, kuma ga dubban duwatsu a gefe da ba a taɓa ba, muna kwatantawa. Duniya kuwa guda ɗaya muke da ita. Babu wata da ba a tsara ba da za mu ajiye kusa da ita. Ba mu ma san ko lambobin nan suna iya zama wasu ba, balle mu ce yiwuwarsu ɗaya cikin kaza ce. Rashin dajin da ya kayar da masu kumfa, shi ne ya kayar da wannan lissafin ma.

Sai tambayar Le Verrier: ina za mu duba? Wace lamba ce ra'ayin ya ce za a samu gobe, wadda in aka samu akasinta za su ce mun yi kuskure? Masu duniyoyi barkatai, duk rauninsu, sun ɗan gwada. Steven Weinberg a 1987 ya yi amfani da irin tunanin rijiya ya ce ƙarfin sarari fanko zai kasance ƙarami amma ba lalle sifili ba, shekara 11 kafin a auna shi, ko da yake abin da aka samu ya gaza ƙiyasinsa. Wasu kuma sun bincika taswirar ɗumin farko suna neman tabon karo da wata kumfa, ba su samu ba. A ɓangaren sararin samaniya, aikin masu tsarin mai hikima kusan duka suka ne ga na wasu. Sukar tana da amfani, na kuma karanta ta da jin daɗi. Sai dai in an kama maƙwabcinka da ƙarya a gaban alƙali, wannan bai ba ka gonar ba, sai ka kawo naka shaidun.

An ma je gaban alƙalin. A 2005, a shari'ar garin Dover ta jihar Pennsylvania, kotun tarayya ta yanke cewa ra'ayin ba kimiyya ba ne, ba za a koyar da shi a ajin kimiyya na makarantar gwamnati ba. Kan ilimin halittu aka yi shari'ar, kuma kotu ba ta yanke gaskiyar duniya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Behe ya amsa a gaban kotu cewa ma'anar "ƙa'idar kimiyya" da yake amfani da ita tana da faɗin da duban taurari na masu bugun ƙasa ma zai shiga. Ka ga ɓangarorin biyu ƙofa ɗaya suke son a faɗaɗa, kowa don kayansa su wuce, kowa kuma yana ƙorafi a kan kayan ɗan'uwansa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna a matsayina na Musulmi. Mai bidiyon ya jera muku zaɓi biyu, ko Mai tsarawa ko duniyoyi barkatai, kamar ɗaya na korar ɗaya. Wa ya ce? Fakhruddin ar-Razi, wanda ya rasu a 1210, da yake bayani a kan "Rabbil alamina" ya ce ikon Allah ya isa ya halicci dubban dubban duniyoyi bayan wannan, kuma hujjojin masu cewa duniya ɗaya ce tak masu rauni ne. Idan gobe aka ga tabon wata kumfa, yaron da aka koya wa cewa imaninsa ya rataya ga rashinta, me zai yi? Newton ya taɓa cewa tafiyar duniyoyin rana tana buƙatar a riƙa gyara ta lokaci lokaci, daga baya Laplace ya nuna da lissafi tana iya daidaita kanta. Imam Gazali ya yi gargaɗi tun ƙarni na 11 cewa mai musun lissafin husufi da sunan kare addini ɓarna yake wa addinin. Na tuna da maganarsa ranar 29 ga Maris 2006, da husufin rana ya ratsa Nijar a daidai mintin da aka faɗa tun shekaru kafin nan: muka kalla ta baƙin gilashi, muka kuma yi sallar husufi, ba wanda ya ga karo tsakanin biyun. Lemaître ma, da Paparoma Pius na 12 ya ce a 1951 kimiyya ta tabbatar da farkon halitta, bai ji daɗi ba, limami ne amma bai so a ɗaure aƙida a jikin lissafin da gobe zai iya sauyawa.

Iyakata ke nan, ɗana. Ni malamin fizik ne, ma'aunina yana tsayawa inda awo ya tsaya. Ko saitin duniya aya ce ga mai tunani, wannan magana ce ta tauhidi da falsafa, tana da malamanta da ƙa'idojinta, kuma kasancewarta ba fizik ba bai rage mata daraja ba. Ni ina ganin aya a ciki, amma ba zan rubuta haka a takardar jarrabawa in ce na auna ba.

In kun koma fada, ku sake kunna bidiyon, duk inda ya ce "masana sun ce" ku tsayar ku tambaya: aunawa aka yi, ko daga awo aka ciro, ko zato ne? Haka za ku yi wa na ɗaya ɓangaren in ya zo hannunku. Tambarin da BICEP2 ta zaci ta gani har yanzu ana nemansa, da sababbin na'urori a hamadar Atacama ta Chile da ƙarshen kudancin duniya. In an same shi, kumburin farko ya ƙara ƙafa, Steinhardt yana da bayanin da zai yi. In an ƙara matse awo ba a same shi ba, sigogi da yawa na ra'ayin za su bi Vulcan.